Labule Ba Ƙofa Ba Ne: Raddi Ga Masu Cewa Kwamfutar Gida Ba Ta Buƙatar Kalmar Sirri

Akwai wata magana da nake yawan ji daga bakin mutanen da nake ganin girmansu, kuma na daɗe ina son in amsa ta a tsanake. Cewa suke yi kwamfutar gida ba ta buƙatar kalmar sirri. Ta ofis sun yarda, ta banki babu ja, amma wadda ke kan tebur a falo, wadda ba mai taɓa ta sai mai ita da iyalinsa, ina amfanin tsayar da mutum kullum a ce sai ya rubuta wasu haruffa kafin a buɗe masa abin da ya saya da kuɗinsa? Wasu har sukan ƙara da cewa duk wanda ya sa wa kwamfuta makulli a cikin gidansa, to akwai abin da yake ɓoye wa matarsa ko 'ya'yansa.

Na baya-bayan nan da ya faɗa mini haka kawuna ne, tsohon malamin makaranta, wanda tun rasuwar kakanmu shi ke riƙe da takardun dangi. Ya aika a kira ni wata Asabar da hantsi, na same shi da kwamfutarsa a kan cinya, ya ce, "Ɗana, abu biyu nake so ka yi mini. Ka buɗe mini folda wadda ba mai shiga sai ni. Sannan ka cire mini wannan tambayar da take tare ni da ita duk sanda na kunna. Na gaji da ita." Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ɗaya daga ciki zan iya yi maka, domin na farkon a kan na biyun yake tsaye. In na cire tambayar, foldar ta zama ta kowa." Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in yi masa bayani yadda zai gane. Abin da na faɗa masa ran nan, da abin da na ƙara tunawa daga baya, shi nake son in shimfiɗa a nan.

Kafin komai, masu wannan ra'ayi suna da tasu gaskiyar, kuma ba ƙarama ba ce. Tambayar tana da gajiyarwa. Dattijon da idonsa ya yi rauni, yana laluben haruffa ɗaya bayan ɗaya, ga shi abin da yake rubutawa ɗigo-ɗigo kawai yake fitowa, in ya yi kuskure ɗaya a mayar da shi farko, ba wanda zai ce masa bai sha wahala ba. Mantuwa ma gaskiya ce. Na san gidajen da aka kulle kansu a waje, aka kwashi kwamfuta zuwa wurin mai gyara, aka dawo da ita fes babu hoton biki ko ɗaya. Har ma akwai wata hujja ta fasaha a ɓangarensu wadda yawancinsu ba su sani ba: tun daga Windows XP, asusun da ba shi da kalmar sirri ba a barin a shige shi daga nesa ta hanyar sadarwa, sai dai wanda ya zauna a gaban na'urar da kansa. Wato rashin kalmar ba shi ne zai buɗe wa wani ɗan damfara na wata ƙasa ƙofa kai tsaye ba. Na yarda da duk wannan. Inda muka rabu shi ne a kan wanda ya zauna a gaban na'urar.

Kwamfuta ba ta san maigida ba. Ba ta san muryar Kawu ba, ba ta san takunsa ba, ba ta bambance hannunsa da na jikansa ɗan shekara tara. Abin da ta sani shi ne asusu. Kowane fayil da kowace folda akwai wani ɗan rubutu a jikinsu da ke cewa asusu kaza ne mai wannan, asusu kaza an yarda ya karanta, asusu kaza ba a yarda ba. Idan ka ce a mayar da folda ta sirri, abin da ake yi kawai shi ne a goge sunan kowa daga wannan rubutu a bar naka. To ta yaya na'urar za ta san kai ne ka zauna? Hanyarta ɗaya ce, ta tambaye ka abin da kai kaɗai ka sani. In ka hana ta tambaya, duk wanda ya danna maɓallin kunnawa ya zama kai a wurinta, kuma za ta miƙa masa foldar da hannu biyu, domin a saninta mai ita ne ya zo.

Wannan ruɗani ya daɗe. Waɗanda suka yi amfani da Windows XP, wadda ta fito a shekarar 2001, za su tuna akwai wani ɗan akwati da ake yi wa alama don a mayar da folda ta sirri. Yana aiki ne kawai in an tsara faifan ajiyar da tsarin NTFS, domin tsohon tsarin FAT32 ba shi da wurin rubuta wane ne mai wane fayil. Da zarar mutum ya yi alamar alhali asusunsa ba shi da kalmar sirri, sai na'urar ta gargaɗe shi cewa kowa na iya shiga da sunansa ya buɗe foldar, ta kuma tambaye shi ko yana son ya sa kalma. Mutane da yawa sukan amsa da ee cikin sauri. Washegari su kunna kwamfutar da a da take wucewa kai tsaye, su tarar ta tsaya tana jiran kalma, sai ransu ya ɓaci su ce wani abu ya lalace. Babu abin da ya lalace. Sun nemi ɗaki mai kwaɗo ne, aka ba su, sai kuma ɗaukar makullin ya zame musu nauyi.

Daga nan ne wasu suke komawa ga dabarar da na fi jin tsoro, wato ɓoye folda. A danna mata alamar ɓuya, ta ɓace daga ido, mutum ya samu natsuwa. Wannan labule ne. Labule yana da amfaninsa, yana kare idon mai wucewa, amma ba ya tsayar da wanda ya yi niyyar shiga. Duk yaron da ya yi wata uku yana wasa da kwamfuta ya san inda ake dannawa a nuna ɓoyayyun fayiloli. Haka ma sauya wa folda suna, a kira ta da sunan wani abu maras daɗin buɗewa, ko a cusa ta cikin folda a cikin folda har hawa bakwai. Akwatin bincike ba ruwansa da hawa bakwai. Ka rubuta kalma ɗaya, ya zaƙulo maka ita. Jerin fayilolin da aka buɗe kwanan nan ma yakan tona asirin inda take ba tare da kowa ya nema ba.

Abin da ya fi damuna a cikin maganar, duk da haka, shi ne ɓangarenta na biyu, zargin cewa mai sa makulli yana da abin kunya. Wannan bai yi kama da tarbiyyar da muka taso a ciki ba. Mu ne mutanen da suka gina zaure don baƙo ya tsaya a nan. Mu ne muke rubuta "ba a shiga" a ƙofar gida, kuma ba wanda ya taɓa fassara shi da cewa mutanen gidan ɓarayi ne. A cikin gida ɗaya, ɗa ba ya faɗa wa ɗakin mahaifiyarsa ba sallama, ƙane ba ya buɗe akwatin yayarsa, kishiya ba ta leƙa adakar kishiya. A Suratun Nur an yi umarni da neman izini kafin shiga gidajen mutane, sannan a aya ta 58 aka ambaci lokuta uku da har yaran gida sai sun nemi izini: kafin sallar asuba, da tsakar rana lokacin hutawa, da bayan sallar isha'i. Yaran gida fa, ba baƙi ba. Ashe tun asali an san cewa ƙauna da amana ba sa hana a samu iyaka tsakanin mutanen da ke kwana ƙarƙashin rufi ɗaya. Tambayar da kwamfuta ke yi sallama ce irin tata. Ba ta tuhumi kowa ba.

Tarihin kalmar sirrin kansa ma haka ya nuna. A farkon shekarun 1960, a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, Fernando Corbató da abokan aikinsa suka gina wani tsari mai suna CTSS wanda ya ba mutane da yawa damar aiki da babbar kwamfuta ɗaya a lokaci guda. Kowa yana da nasa fayilolin a cikin ma'ajiya ɗaya, sai aka ga ya kamata kowa ya samu kalmar da zai shiga nasa ɓangaren da ita. Ana yawan ambaton wannan tsari a matsayin na farko da ya yi haka. Mutanen nan abokan aiki ne, sun san juna, suna gaisawa kullum. An sa kalmar ne don na'ura ɗaya ce a hannun mutane da yawa, kuma wannan shi ne ainihin halin da kwamfutar gidajenmu take ciki. Kuma ba a daɗe ba, a 1962, wani ɗalibi mai suna Allan Scherr, wanda sa'o'in da aka ware masa ba sa isarsa, ya samu hanyar buga fayil ɗin da ke ɗauke da kalmomin kowa a takarda. Shi ma ɗan gida ne, kuma ba mugunta ce ta kai shi ba, buƙata ce.

Sai na tambayi Kawu abin da ke cikin foldar da yake son kullewa. Ya lissafa mini: hoton takardun gonaki da na gidan gado, lissafin abin da kowane magaji ya karɓa, sunayen 'yan'uwan da suka ci bashi daga asusun dangi da nawa ya rage a kan kowa, sakamakon gwajin asibiti na wata 'yar'uwa da ta turo masa don ya nuna wa likita, da hoton katin NIN da lambar BVN na mutum kusan goma da ya taimaka wa cike takardu. Na ce, "Kawu, a duk abin nan da ka lissafa, wanne ne naka kai kaɗai?" Ya yi shiru.

Nan ne nake ganin masu wannan ra'ayi suka yi tuntuɓe. Suna cewa "ni ba ni da abin ɓoyewa," kuma na gaskata su. Amma kwamfutar mutumin kirki cike take da asirin wasu. Daidai gwargwadon yadda aka yarda da kai, daidai gwargwadon abin da za a ajiye a wurinka. Wanda ya ci bashi ya rufa wa kansa asiri bai ba ka izinin barin sunansa a buɗe ga duk yaron da ya zo kallon fim ba. Matar da ta turo maka takardar asibiti ba ta yi shawara da kai a kan ɗan maƙwabcin da zai zo aron kwamfuta don duba sakamakon JAMB ba. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da a da ake ajiyewa a ciki, yau rabinsa yana cikin na'ura, kuma na'urar ba ta da kawaicin da za ta yi shiru in an tambaye ta. Kana da ikon yafe naka sirrin. Na wanda ya ba ka amana ba naka ba ne da za ka yafe.

Kuma ba folda kaɗai ba ce a buɗe. Wanda ya shiga asusunka ya tarar da akwatin imel ɗinka a buɗe, WhatsApp ɗinka da ka haɗa da kwamfutar a buɗe, Facebook a buɗe. Manhajar shiga intanet irin su Chrome tana adana kalmomin sirrin shafukan da kake shiga, kuma in wani ya nemi ta nuna masa su, abin da take tambaya shi ne kalmar shiga kwamfutar, wadda kai ka ce a cire. Wanda kuwa ya riƙe imel ɗinka ya riƙe hanyar sauya kalmar sirrin kusan duk wani shafi da ka yi rajista da shi. Ba sai an samu mugu a gida ba. Yaro mai son sani ya isa, ko ɗan shekara huɗu da ya ja wata folda ya jefa a kwandon shara yana dariya.

Akwai masu cewa to a bar kalmar, amma a sa na'urar ta riƙa shigar da ita da kanta. Ana iya yin haka, akwai wurin da ake saita shi a Windows ta hanyar netplwiz, kuma masu gyara sukan yi wa mutane. Amma a san abin da aka yi: an kulle ƙofa an bar makulli a jikin kwaɗo. Na'urar za ta adana kalmar a cikinta ta riƙa buɗe wa duk wanda ya kunna. Ga kwamfutar da ba a ajiye komai a cikinta, wadda aikinta kawai nuna karatu ko wasan yara a falo, ban ga laifin haka ba, kuma ba zan yi jayayya da mai yi ba. Ga wadda ke ɗauke da irin kayan Kawu, ban yarda ba.

Wajibi ne kuma in faɗi iyakar abin da nake karewa, don kada in sayar da abin da ba shi ke nan ba. Kalmar shiga ita kaɗai tana tsare ka daga na gida da baƙo mai ɗan zama, amma ba ta tsare ka daga wanda ya ɗauke kwamfutar ya tafi da ita. Wanda ya san aiki zai iya tayar da na'urar da wani tsarin daban daga filashi, ko ya kwance faifan ajiyar ya jona shi a wata kwamfutar, ya karanta komai ba tare da an tambaye shi ko harafi ɗaya ba, domin wancan rubutun na wane ne mai wane fayil, Windows ɗin da ke kai ce kaɗai ke girmama shi. Haka nan in kowa a gida asusunsa na mai cikakken iko ne, kowa na iya ƙwace mallakar foldar wani. Maganin matsalar farko shi ne a rikita bayanan da ke kan faifan yadda ba sa karantuwa sai da makulli. Windows tana da BitLocker tun zamanin Vista, kwamfutocin Apple suna da FileVault, kuma sababbin na'urori da yawa suna zuwa da wannan a kunne. Wanda ya taɓa sayen kwamfuta ta hannu a kasuwa ya tarar da hotunan iyalin wani Bature da takardunsa a ciki ya san abin da nake nufi, kuma ya kamata ya tuna tasa ma wata rana za ta je hannun mai gyara ko mai saye.

Sai dai wannan makulli mai ƙarfi shi ne ya fi cancantar tsoron da dattawanmu ke ji. In an rikita faifai aka rasa kalma, aka kuma rasa lambar ceto, wadda a BitLocker lambobi 48 ce, to babu mai gyaran da zai dawo da komai. Kamfanin Microsoft da kansa ya taɓa cin karo da wannan. A watan Yulin 2006 ya fitar da wata ƙaramar manhaja kyauta mai suna Private Folder, wadda ke ba mutum folda ɗaya mai kalmar sirrinta daban, irin abin da Kawu ya roƙa sak. Cikin 'yan kwanaki aka janye ta, bayan masu kula da kwamfutocin ma'aikatu sun yi ƙorafi, kuma cikin abin da suka kawo har da cewa babu hanyar ceto fayilolin wanda ya manta kalmarsa. Saboda haka mai tsoron mantuwa ba shirme yake yi ba. Kuskurensa kawai shi ne ya ɗauka maganin ɓatan makulli shi ne cire ƙofa. A gidajenmu ba haka muke yi ba. Makulli biyu muke yankawa, mu ba wanda muka amince da shi ɗaya.

Ga mu kuma da abin da ba ma son ambata amma dole ne: mutuwa. Mutumin da ke riƙe da takardun gado, in ya tafi da kalmarsa a ƙirji, ya bar wa magada rigima. Don haka ni ina cikin masu cewa a rubuta kalmar a takarda. An daɗe ana tsoratar da mutane cewa kada su rubuta, kuma a ofis, inda ake manna ta a jikin allon kwamfuta kowa na gani, tsoratarwar tana da hujja. A gida, takarda a cikin ambulan, a cikin akwatin da ake ajiye takardar fili, ta fi ƙwaƙwalwar ɗan shekara saba'in aminci, kuma ɓarawon intanet ba ya iya kaiwa gare ta.

Gajiyar kuma an rage ta sosai, mutane ne ba su lura ba. Tun Windows 8, wadda ta fito a 2012, ana iya shiga da 'yar gajeriyar lamba maimakon doguwar kalma. Lambar a jikin wannan na'urar kaɗai take aiki, in wani ya ji ta ba zai iya amfani da ita daga wani wuri ba, kuma in aka yi ta gwada ta ba daidai ba na'urar takan dakatar da mai gwadawa. Wasu kwamfutocin suna karɓar zanen yatsa, wasu suna gane fuska. Mutumin da ke danna lamba huɗu a na'urar POS don ya ciri dubu biyu, yake kuma buɗe wayarsa da yatsa sau hamsin a yini bai taɓa cewa wayar ta zarge shi ba, bai kamata lamba shida sau ɗaya da safe ta gagare shi ba.

Abin da muka yi ran nan bai kai awa ɗaya ba. Na bar wa Kawu asusunsa shi kaɗai da cikakken iko, na sa masa lamba shida da ya zaɓa da kansa, ba shekarar haihuwarsa ba, ba ƙarshen lambar wayarsa ba. Na buɗe wa yara wani asusun daban maras kalma, wanda ba ya iya girka manhaja sai da izininsa, kuma ba ya ganin komai na cikin nasa. Jikokin ma sun fi murna, don yanzu hoton da suke so shi ke kan fuskar allon, ba mai ce musu sun taɓa masa kaya. Na nuna masa yadda zai danna maɓallin Windows tare da harafin L in zai tashi zuwa masallaci, allon ya kulle nan take ba tare da ya kashe aikin da yake yi ba. Ya gwada sau uku har hannunsa ya saba.

Da muka zo kan lambar ceto ta BitLocker, ya ce in karanto masa a hankali. Ya ɗauko biro ya rubuta lambobin nan 48 da irin rubutunsa na malaman da, shida-shida, ya sake karanta mini su na tabbatar, ya rubuta kalmar asusun a ƙasa, ya ninke takardar ya sa a ambulan. Sannan ya ɗaga murya ya kira matarsa daga tsakar gida. Da ta yi sallama ta shigo, ya miƙa mata ya ce, "Hajiya, ki sa wannan a cikin adakarki, tare da takardar gidan nan. In an wayi gari ba na nan, ki ba babban yaron nan, shi ya san abin da zai yi da ita."